Niƙaƙƙiyar gyaɗa ta gida: me ya sa mai ke tasowa, kuma yaya ake ajiye ta a zafin Gusau?

Maman Biyu, Gusau:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure game da niƙaƙƙiyar gyaɗa, irin wadda ake soyawa a gida a kai inji, ba tare da an matse manta ko an ƙara mata komai ba in ban da ɗan gishiri. Ina yin ta ne domin yara su shafa a burodi kafin su tafi makaranta, ina kuma ɗiba in sa a miyar taushe, kuma yanzu maƙwabta sun fara cewa in riƙa yi da yawa ina sayar musu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan ta ɗan kwana biyu a kwalba sai in tarar mai ya taso ya kwanta a sama, ƙasa kuma ya ƙanƙare har cokali ba ya shiga sai da ƙyar, alhali ta kanti wadda ake shigowa da ita daga waje tana nan yadda take daga sama har ƙasa ko da ta yi watanni. Wata maƙwabciyata ta ce wannan alamar lalacewa ce, wata kuma ta ce in tsiyaye man in yi suya da shi in bar sauran. Ban da haka, a watan Afrilun da ya wuce wata kwalba ta sauya ɗanɗano, tana maƙaƙi a maƙogwaro, ko da yake ban ga fumfuna a kanta ba.

Ina son in san ko tasowar man nan aibu ce, da yadda zan yi laushinta ya daidaita, da kuma inda ya fi dacewa a ajiye ta, ganin cewa firjinmu ba kullum yake samun wuta ba. Allah Ya saka da alheri.

Inna Mai Ƙuli, Kaura Namoda:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ki kwantar da hankalinki, mai da ya taso ba lalacewa ba ce, shaida ce cewa gyaɗa ce tsantsa kika niƙa. Mu da muke sana'ar ƙuli-ƙuli wannan tasowar muke nema da gangan, don haka mun san abin da ke kawo ta da abin da ke jinkirta ta. Idan muna son mai, sai mu zuba ƙullin a turmi ko a babbar tukunya, mu riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan muna juyawa da muciya, har ƙullin ya dunƙule ya yi tauri ya saki mansa, abin da ya rage kuwa shi ne tunkuza. To ki lura da kyau, ruwa ne muke amfani da shi mu raba mai da ƙulli, saboda haka ke da kike son su zauna tare, babu abin da za ki yi wa tsaro kamar ruwa, komai ƙanƙantarsa.

Ruwan nan kuwa ta hanyoyi da yawa yake shiga ba tare da mutum ya ankara ba. Hanya ta farko ita ce inji. Idan kika kai gyaɗarki wurin da aka gama markaɗa tattasai ko wake, mai injin ya ɗauraye da ruwa ya zuba taki a kai, to kin dawo gida da danshi da warin abin da aka markaɗa kafin ke. Ki nemi injin da gyaɗa kaɗai yake niƙawa, irin wanda masu ƙuli ke kai tasu, in kuwa babu a unguwarku, ki je da sassafe kafin a fara markaɗen jiƙaƙƙen abu, ki sa a goge shi ya bushe, sannan ki ware ɗan abin da ya fara fitowa ki yi miya da shi a ranar. Ki ce a maimaita niƙan sau biyu domin ya yi laushi sosai. Hanya ta biyu ita ce gaggawar rufewa. Ƙulli da zafinsa yake fitowa daga inji, idan kika ɗura shi a kwalba kika murɗe marfi nan take, tururi zai yi gumi a cikin marfin ya ɗigo a kai. Ki juye shi a faffaɗan kwano, ki yafa masa tsabtataccen ƙyalle marar kauri, ki bar shi ya huce sarai. Ta uku kuwa ita ce cokali, musamman a hannun yara, waɗanda za su tsoma wanda suka sha shayi da shi ko suka lasa.

Tun kafin inji ma akwai suya. Gyaɗar da ba ta soyu har ciki ba tana riƙe da danshi, ƙullinta yana yin danƙo da gafi, wadda ta ƙone kuma ɗaci take yi. Wuta madaidaiciya ake so, da yashi mai tsabta a kasko, ana juyawa ba tsayawa, har sai kin murje ƙwaya kin ga cikinta ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske. Sabuwar gyaɗa ta lokacin kaka tana buƙatar ƙarin shanya kafin a soya. Tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa daga nan Kaura, wanda layinsa ya iso garin a 1929, da haƙori iyayenmu ke gwada ta, idan ta ce ƙas ta bushe, idan ta lotsa da sauranta.

Shawarar da aka ba ki ta tsiyaye mai kuwa, kada ki ɗauka. Idan kika tsiyaye shi kin mayar da abinki tunkuza, tana da daɗi a miya amma ba ta shafuwa a burodi. Ki sa doguwar wuƙa busasshiya ki fara tsaga ƙasan da ya ƙanƙare, sannan ki juya a hankali har man ya koma ciki.

Malamin Kimiyya, Talata Mafara:

Assalamu alaikum. Inna ta gama magana a kan aikin hannu, ni dai zan ƙara bayanin dalili ne, domin idan Hajiya ta fahimci abin da ke faruwa a cikin kwalbar za ta iya yanke hukunci da kanta a duk yanayin da ta tsinci kanta.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, wato kashi 45 zuwa 50 cikin 100, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin ne. Man yana kulle ne a cikin ƙananan ɗakunan ƙwayar, niƙa shi ke fasa su ya fito, sai a sami ɓarɓashin gyaɗa yana yawo a cikin mansa. Ɓarɓashin ya fi man nauyi, don haka a hankali yake nutsewa, kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙasan bokiti ruwa ya tsaya a sama. Zafi yana tsinka mai, shi ya sa rabuwar ta fi sauri a bazara, a hunturu kuma ta yi jinkiri. Niƙa mai laushi yana rage saurin nutsewar amma ba ya hana ta. Irin gyaɗar ma yana da tasiri, domin wasu iri sun fi wasu mai, misali SAMNUT 24 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar an san ta da yawan mai, ƙullinta kuwa ya fi saki.

Ta kanti da ba ta rabuwa, ba don ta fi kyau ba ne. Kamfanoni suna ƙara mata ɗan kitsen tsirrai wanda aka sarrafa ya zama daskararre, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100, daga man auduga ko na waken suya, wasu kuma suna amfani da daskararren ɓangaren man kwakwar manja. Ana zuba shi a narke, idan ya huce sai ya yi wani siririn raga a cikin ƙullin wanda ke riƙe man a inda yake. Wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Joseph Rosefield ne ya fito da wannan dabara a farkon shekarun 1920. Dokar ƙasar tasu ta ce dole gyaɗa ta kai kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar, ragowar kuwa ana cike shi da sukari da gishiri da wannan kitse. Duk wanda ya karanta takardar da ke jikin kwalbar zai ga an jera su. A ganina babu dalilin da zai sa mai yi a gida ta wahalar da kanta wajen kwaikwayon wannan, juyawa da wuƙa ya wadatar.

Maƙaƙin da kika ji a Afrilu shi ne matsalar gaske, kuma dabam yake da tasowar mai. Iskar oksijin ce ke haɗuwa da man ta lalata shi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na man gyaɗar da muka saba da ita nau'in linoleyik ne, wanda ba ya jure wa iska. Abubuwan da ke hanzarta wannan lalacewa su ne zafi, da hasken rana, da yawan iskar da ke cikin mazubi, da ƙarfe ko tagulla, har da ɗan garin ƙarfen da faifan inji ke saki idan ya tsufa ko an sake wasa shi. Masana kimiyyar sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan canji. A yankinmu daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan kai digiri 40 ko ya wuce, ɗakin girki mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi, don haka kwalbar da za ta yi lafiya lau a Disamba tana iya juyawa cikin 'yan makonni a bazara. Man da ya kwanta a sama shi ne ke fara cin karo da iska, wanda shi ma dalili ne na mayar da shi ciki a kai a kai. Idan kuwa maƙaƙi ya riga ya shiga, babu suya ko dafuwar da za ta fitar da shi.

Saboda haka shawarata ita ce kwalbar gilashi mai marfi mai kamawa, irin ta Bama da aka wanke ta bushe a rana, a cika ta kusan baki, a ajiye ta inda babu haske. Gilashi ya fi roba domin ba ya riƙe warin tsohon mai. Mafi kyau duka shi ne a juya ta sosai sannan a sa a firji, domin sanyi yana kaurara man ya hana shi tasowa, ya kuma rage saurin lalacewa ƙwarai, har ta yi wata uku ko fiye da ɗanɗanonta.

Yayar Marayu, Birnin Kebbi:

Malam, Allah Ya ƙara ilimi, amma a kan maganar firji ina da ja. Bayaninka daidai ne ga wanda firjinsa ke aiki dare da rana, ko mai sola. Ita kuwa ƙanwata ta faɗa tun farko cewa wutarsu ba ta tsayawa, kuma firjin da ke yin sanyi yau ya huce gobe gumi yake tarawa, a bangonsa da jikin duk abin da ke ciki. Haka kuma idan aka fito da kwalba mai sanyi aka buɗe ta nan take, musamman da damina lokacin da iska ke ɗauke da laima, raɓa tana sauka a kan ƙullin kansa, sai a mayar da marfi a rufe ruwan a ciki. Wato abin da Inna ta ce a guje masa shi ne firjin zai kawo.

Abin da nake yi, kuma nake ganin ya fi dacewa da halin da muke ciki, shi ne in raba abin da na niƙa a ƙananan kwalabe maimakon babba guda, ta yadda wadda ake buɗewa kullum za ta ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, sauran kuma suna rufe babu mai taɓa su. Waɗanda ke rufe ina kifa su ne a kan marfinsu a cikin kwali a ƙasan gado, a ɗakin da rana ba ta bugunsa da yamma, bayan 'yan kwanaki in sake juya su, sai man ya riƙa ratsa ƙullin yana kai da komowa, ƙasan ba ya samun damar ƙanƙarewa. Sai dai a tabbata marfin ba ya yoyo. Akwai masu ba da shawarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana da kyau ga tumatir da alayyafo domin su laima suke so, amma ban ga hikimar kai gyaɗa cikin laima ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gummi:

Assalamu alaikum. Tun da Hajiya ta ambaci yara da kuma niyyar sayarwa, akwai abin da ya fi laushi da ɗanɗano muhimmanci wanda ya kamata a faɗa, kuma shi tun kafin suya yake farawa. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa a gona idan fari ya same ta gab da girbi, ko a rumbu idan an adana ta da danshi, tana kuma barin guba mai suna aflatoksin. An gano wannan guba ne bayan 1960, shekarar da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Gubar tana lalata hanta, tana cikin sanannun abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanta, haɗarin kuma ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, sannan an danganta ta da tsumburewar yara. Ba ta da wari ko ɗanɗanon da za a dogara da shi, suya kuma tana rage ta ne kawai ba ta kawar da ita, firji kuwa babu abin da yake yi mata. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa karɓar gyaɗar ci da gubar cikinta ta wuce maikirogiram 4 a kilo ɗaya (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), Amurka kuma ta tsayar da nata a 20, wanda ke nuna ƙanƙantar abin da ake gudu.

Abin da ke hannun mai yi a gida shi ne tsinta. Gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba, tana taruwa ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan, waɗanda suka yanƙwane, ko suka fashe, ko ƙwari suka huda, ko launinsu ya sauya. A tsince kafin suya, a sake tsincewa bayan an murje ɓawo an fece, domin a lokacin ne baƙin tabon da ke ɓoye yake bayyana. Waɗanda aka tsince a zubar da su, kada a ba yara, kada a watsa wa kaji, kada kuma a ce za a yi ƙuli da su. Na san gyaɗar da aka ware ta fi araha a kasuwa, kuma ita ce wasu ke saye domin niƙa tun da ido ba zai gan ta ba bayan ta zama ƙulli, amma wannan arahar tsada ce. Manoma kuma akwai Aflasafe, maganin rage wannan guba tun daga gona, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure.

A kan batun ruwa ina goyon bayan Inna. Abincin gyaɗar nan da muke ba yaran da tamowa ta kama a asibitoci, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, yana iya kai shekara biyu ba tare da firji ba, saboda kusan babu ruwa a cikinsa kuma an like shi a ledar da iska da haske ba sa ratsawa. Sai dai rashin ruwa yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa ne, ba ya kashe su. A Amurka tsakanin 2008 da 2009 mutum fiye da 700 sun kamu da ƙwayar cutar salmonela daga kayan gyaɗa na wata masana'anta, 9 suka rasu. Don haka bayan an soya, kada a baza gyaɗar a ƙasa inda kaji ko ɓeraye ke bi. Idan kuma aka ga fumfuna a saman kwalba, a zubar da ita gaba ɗaya, kwashe saman bai isa ba. Ƙaramin yaro kuma kada a ɗebo masa da cokali a dunƙule, tana iya shaƙe shi, a dama masa a kunu.

Maman Biyu, Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Zan bi shawarar Yaya ta ƙananan kwalabe har mu sami wuta mai tsayawa. Inna, saura tambaya biyu. Akwai masu son in sa musu zuma ko sukari a ciki, shin hakan zai rage mata kwana? Sannan idan an riga an cinye saman kwalba, ƙasan ya rage a bushe, akwai yadda za a gyara shi?

Inna Mai Ƙuli, Kaura Namoda:

'Yata, zuma ruwa gare ta, da zarar kin zuba za ki ga ƙullin ya ɗaure ya fara sakin mai, don haka mai son zuma ya zuba a kan burodinsa lokacin ci. Sukari da gishiri kuwa babu laifi, amma ki daka su su yi gari sosai, ki zuba su a busasshe tare da gyaɗar a wurin niƙa na biyu, domin ba sa narkewa a mai, idan suna da tsakuwa haka za a ji su a baki. Kada ki yarda a narka su da ruwa.

Ƙasan da ya bushe kuma, ki fara shinshinawa ki ɗanɗana. Idan ƙamshinsa na nan, ki zuba cokali ɗaya ko biyu na sabon man gyaɗa mai kyau ki murje shi da wuƙa, zai dawo. Idan kina gaggawa ki tsayar da kwalbar a rufe cikin ruwan ɗumi wanda bai kai wuyanta ba, ki goge jikinta kafin ki buɗe. Kada ki ɗura sabon ƙulli a kan ragowar tsoho, ki wanke kwalbar ta bushe tukuna.

Game da sayarwa, daga yanzu har ruwa ya sauka kada ki niƙa fiye da abin da zai ƙare cikin mako biyu, tiya ɗaya ko biyu, ki rubuta ranar niƙa a jikin kowace kwalba, ki kuma gaya wa mai saye tun farko cewa mai zai taso ya juya abinsa. Gyaɗar da kika saya da yawa ki bar ta a cikin kwansonta, a buhu, a kan katako ba a ƙasa ba, ki riƙa ɓarewa daidai bukata.